Jiran Baƙin Ruwa

Kogin nan sau biyu yake cika,
duk ɗan Yauri ya san da haka.
Cikar fari tamu ce:
ruwan da ya bugi rufinmu a Agusta,
ya wanke gonaki, ya kwaso laka,
ya zo fari kamar kunun da gasara ta yi wa yawa.
A cikinsa tsage makaho ne.
Ko zinariya ka ɗaura a ƙugiya
zai wuce bai ce maka sannu ba.
Lokacin gura ne da mamari,
lokacin tarwaɗa mai laluben abinci da gashin baki.

Cika ta biyu baƙuwa ce.
Babana ya ce ruwan wasu duwatsu ne can ƙasar Gini,
inda bai taɓa takawa ba, ni ma haka.
Ya sauka tun muna noman farko,
ya yi ta tafiya,
ya yada zango a fadamun Mali wata da watanni,
ya sauke lakarsa can,
sannan ya iso mana bayan an ɗaure gero,
baƙi, garai-garai, da sanyin ruwan randa.
Ba girgije ko ɗaya a sama,
kogi kuwa sai hawa yake.

Shi nake jira.

Akwai turken ƙirya a bakin mashaya,
tsaga bakwai babana ya yi masa da gizago.
In ruwa ya taɓa ta huɗu, a tura jirgi.
In ya kai ta shida, burgu ya nutse,
ƙananan kifi su shige ciyawa,
tsage ya biyo su haƙora a waje.
Yau kwana goma sha ɗaya
ruwa na lasar ta uku yana janye harshe.

Ƙugiya arba'in na ɗaure
da gashin zabon Tambai da jan zare.
Kowace sai na ja ta cikin kwano,
in ga ko tana rawa kamar farar da ta faɗa ruwa.
Nomau mai man inji ya aiko yaro sau biyu.
Na ce a gaya masa ruwa na hanya.
Ya ce shi ba ruwa ya ba ni ba.

Jiya na hau tudu neman sabis,
na kira Arzika a Gaya ta Nijar.
Ya ce: "Ya iso nan, ya rufe ƙafar gada,
amma bana ba shi da ƙiba.
Wasu sun ce damina ta yi rowa can sama,
wasu sun ce an tare shi."
Na kama lissafi da yatsu.
Babana kan ce kwana tara daga can.
Ni na taɓa ganin sha biyu.

Tambai kuma irin albasarta ya isa dashe.
Gangaren nan take so, mai danshi,
daidai inda nake roƙon ruwa ya hau.
Da dare kowa ya yi addu'arsa a hankali,
kada ɗaya ya ji ta ɗaya.
In ya zo da ƙiba, ta yi asara.
In ya zo a rame, Nomau ya ɗauke inji.
Mun raba gardama da igiya:
kwami ashirin sama da tsaga ta biyar,
sauran irin ya jira Juma'a.

Yau da asuba na gangara ba fitila.
Na shiga har ƙwauri don alwala,
sanyi ya kama ni, ba irin na jiya ba.
Na tsaya har gari ya ɗan waye.
Na sunkuya.
Ga yatsun ƙafata, duka goma,
ga farcen da filafili ya fasa bara,
ga ɗan kifi yana shinshinarsa.

Turke dai na nan kan ta uku.
Ban gaya wa Tambai ba tukuna,
tana can tana wasa fartanya.